Ranar da hoton matar Hammadu ya koma rubutu

Shaibu ya yi mini shaidar ƙarya a gaban mai unguwa da mutanen kasuwa, kuma ya san ƙarya yake yi. Ya ce bai taɓa ganin abin da ni da shi munka gani tare, bisa benci guda, a hannun maigida guda ba. Maganar ba ta kai tsawon gaisuwa ba, amma ita ta rufe mini shago a Madawa, ita ta sa har yau akwai gidajen da in an ambaci Lawali mai ordinatar sai mata su ce a'uzubillahi. Shagon ya tafi, ba na biɗarsa. Sunana nake so a wanke.

Na rubuta wanga ne saboda ku samarin da ke zama bisa bencina nan tashar Buza, kuna cewa aikin ordinatar, wato kwamfuta, latsa-latsa ne, ko jaki anka zaunar zai yi. Ban yi karatu mai nisa ba, a aji biyu na kwaleji anka sallame ni, don haka kada ku jira kalmomi masu tsada. Abin da hannuna ya yi shi zan faɗa.

Aikin farko da anka ba ni shi ne tsince ƙasa daga tsakanin maɓallan kalabiye, wato abin latsa haruffa, da gashin zabo. Maigidana Baba Istifanus, Kirista ne, yana da ɗan ɗaki kusa da ƙofar asibitin mishan. Yana buga wa majami'a waƙoƙi, yana buga wa masu jinya takardu, yana fitar da hoton katin shaida. Mu biyu ne ƙarƙashinsa, ni da Shaibu, sa'o'in juna, dukanmu Musulmi. In ladan ya yi kira shi ke fara cewa, "Ku tashi ku yi salla, inji ba ya gudu." Bai taɓa dukanmu ba. Amma in ka buga takarda da kure guda, sai ya miƙo maka ita ya ce ka karanta da ƙarfi, ka yi ta karantawa har kunnenka ya kama abin da idonka ya tsallake.

Ordinatar ɗinsa tsohuwa ce. In ka buɗe mata babban lojisiyel, wato manhajar aiki, sai ta yi ta nishi kamar saniya mai naƙuda. Shi ya sa Baba ya fi zama cikin wani ƙaramin lojisiyel da ba ya yin komai sai rubutu zalla, ba ado, ba launi. Masu Faransanci na ce mishi editar, mu muna ce mishi farin allo. Wani Bature da ya yi aiki asibitin ne ya saka mishi kafin ya koma ƙasarsu. Daga cikin allon nan Baba yake tuƙa aikinsa duka. In mutum ya kawo fishiye, wato hoto ko murya ko takarda da ke cikin kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa jikin inji, ko katin salula, ba ya yawo da ɓeran inji daga dosiye zuwa dosiye, wato jakunkunan ajiya. Sai ya rubuta adireshin fishiyen a allo, ya aza alama bisa layin, ya danne maɓalli biyu tare. Hoto ne, mai nuna hoto ya buɗe. Murya ce, mai sauti ya fara. Takarda ce, mai takarda ya taso.

Na tambaye shi yadda allon ya san wanda zai kira.

"Bai sani ba," in ji shi. "Ka taɓa tsayawa tasha? Fasinja ya zo, ɗan kamasho ba ya kwance mishi kaya. Tambaya guda yake yi: ina za ka? Keita? Ga motarka. Buza? Ga motarka. Allon nan rumfa ce kawai. Yana miƙa fasinja ga inji, inji shi ne ɗan kamasho, kuma kowane layi an riga an naɗa mishi motarsa. Kai ba ka zaɓe. Kai dai ka tabbata naɗin na nan daidai."

"To da wane baki fishiye yake faɗin inda za shi?" in ji Shaibu.

"Da wutsiya."

Wutsiya ita ce 'yan haruffan nan da ke bayan ɗigo a ƙarshen suna. Ita inji ke diba. Baba ya ce mu matso. Ya ɗauko hotonsa, wanda ya ɗauka tsaye riƙe da kekensa ranar Kirsimati, ya goge wutsiyar, ya danne maɓallan. Inji bai san motar da zai kira ba, fasinja ya tsaya a rumfa, allo kuwa ya yi abin da ya iya kaɗai: ya karanta hoton kamar rubutu. Ekaran, wato fuskar inji, ya cika da layuka, haruffan da ba boko ba, ba ajami ba, da ƙananan ɗakuna masu kusurwa huɗu a jere kamar na hatimi. Shaibu ya tashi da salati har benci ya kife da ni. Baba ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Ni ne nan da kekena, ɗana. Hanjin hoto ke nan. Kowane hoto haka cikinsa yake."

Ya maida wutsiya, ga shi tsaye da keke. Ya sa kowanenmu ya yi ta cirewa yana maidawa har munka gaji. Shaibu ya fi ni saurin hannu, wannan ban taɓa musu ba. Daga baya har wasa ya maida abin. In mai gadin unguwa ya leƙo shan shayi, sai ya juya mishi hoto rubutu, tsoho ya fita yana tofa addu'a, Shaibu na riƙe ciki. Ku riƙe wanga, don ku san mutumin da ya ce bai taɓa gani ba.

Shaibu ya riga ni barin gidan, ya tafi Libiya biɗar arziki. Ni na zauna har idon Baba ya yi rauni 'ya'yansa sunka hana shi aiki. Ya ba ni kalabiye ɗinsa da kile mai ɗauke da farin allo, ya ce in tafi in ci abinci. Bai daɗe ba ya rasu. Na kama ɗaki a Madawa bakin kwalta, tsakanin mai gyaran moto, wato babur, da mai sayar da maganin dabbobi. Ordinatar ta hannu biyu daga Konni, na'urar buga takarda wadda sai an ɗan mare ta a gefe take jan warga, wato takarda, fitila mai ƙarfi don hoto, da farin zane da na rataya a bango. Na sa labule a kusurwa, mace ta gyara lulluɓinta ba idon 'yan kasuwa. Labulen nan ya kawo mini mata fiye da duk wani talla.

Aikin wata tsohuwa daga Tamaske shi ya koya mini yadda mutanenmu ke ganin inji. Gwaggo Rakiya, ɗanta na Abijan, yana aiko murya a salular maƙwabci, a zuba mata a kati. Duk ranar da ta shigo gari sai ta zauna in kunna mata, ta ji ta sake ji, tana amsa mishi kamar yana nan. Ba ta karatu, amma ta san fishiyenta. "Ga shi can, mai hular lemu," take cewa, tana nuna 'yar alamar da ke jikinsa. To wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya roƙe ni ya zauna bisa injina ya yi aikinsa, ya saka wani sabon lojisiyel. Irinsu ba su da kunya. Da sun shigo sai su kori duk motocin tasha su ce kowane fasinja nasu ne. Alamomi duka sunka koma shuɗi. Gwaggo ta zo, na kunna, muryar ɗanta ta fito ras. Ta girgiza kai.

"Wanga ba ɗana ba ne."

"Gwaggo, ba ki ji shi ba? Ga shi yana gaida ki."

"Na ji. Amma nawa mai hular lemu ne. Wanga ɗan wata ne da ya ari muryarshi. Kai yaro, ina ka kai min shi?"

Sai da na shiga wurin naɗi na tsige baƙon, na maida tsohon mai sauti bisa kujerarsa, hular lemu ta dawo, sannan ta gyara zama ta ce, "Yawwa, Sani, ina jin ka." Mai saniya da launi yake sanin saniyarsa, haka suke sanin fishiye. Tun daga ranar, duk lojisiyel da ya shigo injina sai na bi layi-layi na ga wa ya kora. Ku da ke saka abu goma a yini, ba ku taɓa dibawa ba, sai abu ya ƙi buɗewa ku ce birus ne, cutar inji.

Shaibu ya dawo daga Libiya da ramamme jiki da ordinatar sabuwa. Ya kama ɗaki a ƙetaren kwalta, ƙofarsa na kallon tawa. Ban ji komai ba. Yana aron tawada wurina, ina aron warga wurinsa, muna cin tuwo kwano guda in an kawo. Amma mutane sun riga sun saba da ni. Ranar kasuwa bencina cike, shi yana zaune yana korar ƙuda daga sabon injinsa.

Cikin bazara ne Hammadu ya shigo. Bafillace ne daga rugagen Urno, yana kiwo yana noma, Hausa a bakinsa kamar Fillanci. Mun saba, yana ce mini Kaɗo, ina ce mishi mai nono. Ya kwance bakin rawani ya fito da katin salula ƙunshe a tsumma.

"Kaɗo, hoton uwar yara na ciki. Ance sai da shi za a yi mata katin shaida. Ka hidda min huɗu, ka yi maza, motarmu ta kusa cika."

Bai faɗi sunanta ba, ba sa faɗi. Ɗan wansa ne ya ɗauke ta a wata salula 'yar arha, hoton ya bi daga salula zuwa salula kafin ya faɗa katin, a hanya suna ya yar da wutsiya. Ban sani ba sai da na danna, don injina na ɓoye wutsiyar suna. Na rubuta adireshi, na danne maɓallan kamar kullum, ekaran ya cika da ƙananan ɗakunan nan da baƙin haruffa. Hammadu na tsaye bisa kafaɗata.

"Mi ke nan?"

"Ba komai. Dakata."

"Ina uwar yara?"

"Ita ce wagga. Bari in maido ta."

Hannuna na bisa kalabiye anka ɗauke wuta. Ekaran ya yi baƙi, fanka ta tsaya. Abin da idonsa ya gani na ƙarshe shi ne matarsa ta zama hatimi, abin da kunnensa ya ji na ƙarshe shi ne ni na ce ita ce. Na ce ya zauna wuta ta dawo. Ya ce in ba shi katinsa. Na ce aikin ƙiftawar ido ne. Bai sake ce mini Kaɗo ba.

"Malam, ba ni abuna."

Na zare na ba shi. Direba na ta busa oda, ya fita bai yi sallama ba.

Ba a daɗe ba matar ta kwanta. Zazzaɓi, ciwon kai, wuya ya ƙage, ta fara sambatu. Hammadu ya gaya wa wansa Ardo Bello abin da ya gani a shagona. Sunka bar ta a hannun mata ana turare, su sunka hau mota sunka zo Madawa. Ba su zo wurina ba. Sun tambaya ko akwai wani mai ordinatar, anka nuna musu ƙetaren kwalta. Shaibu ya saka katin a injinsa, ya buɗe, ya ga abin da na gani. Haruffa uku zai ƙara bayan ɗigo, matar ta fito da ɗankwalinta, a yi dariya a watse. Mai gyaran moto, da ya bi su don jin labari, ya gaya mini daga baya cewa Shaibu ya daɗe yana kallon ekaran, sannan ya ce, "An taɓa hoton ga." Daga nan Ardo ya kai katin wurin mai tuyar ƙosai ya jefa a wuta, don a karya abin da anka ɗaura.

Da la'asar sunka zo mini da mai unguwa. Ɗakin bai ɗauke su ba, sauran sunka cika ƙofa har bakin kwalta. Mai unguwa dattijo ne mai sanyin magana, na taɓa buga mishi takardun gona. Ya zauna bisa kujerar hoto, gaban farin zane.

"Lawali, mutanen ga sun ce ka yi ma hoton iyalinsu aiki, ga ta can kwance. Mi ka ce?"

Na ce a ba ni katin in nuna musu. Anka ce ya ƙone. Na yi bayanin tasha da ɗan kamasho yadda Baba ya yi mana. Ardo ya ce shi bai zo shiga mota ba. Mutane sunka yi dariya, ba dariyar da ke gefena ba. Sai na ce to bari su gani da idonsu. Na ɗauko hotona na katin shaida, na buɗe, kowa ya ga ni ne. Na cire wutsiya, na danna, ɗakunan sunka cika ekaran. Na maida, na danna, ga fuskata ta dawo.

Na juyo ina jiran su ce ashe. Waɗanda ke ƙofa sun ja baya. Wani tsoho mai sayar da igiya ya ce, "La'ilaha illallahu. Ya maida kanshi rubutu, ya komo."

"Shi ya komo," in ji Ardo. "Tamu bai maido ta ba."

Mai unguwa ya ɗaga hannu. Ya ce shi bai san inji ba, amma ga wanda ya sani. Ya sa anka kira Shaibu. Ya shigo yana gaisuwa, bai dube ni ba.

"Shaibu, an ce gida guda kunka yi koyo. Wanga abu da munka gani, halin inji ne, ko ko aikin hannu ne?"

Na ce, "Faɗa musu, aboki. Keken Baba. Mai gadi."

Ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi.

"Ranka ya daɗe, ni buga takarda anka koya min da hidda hoto. Wanga ban taɓa ganin irinshi ba sai yau. Shi ya daɗe wurinsu, ni na baro da wuri. Abin da anka ƙara mishi bayana, Allah shi ya sani."

Ke nan. Bai ce ni matsafi ne ba. Ya bar wa jama'a su faɗa, sun kuwa faɗa. Na yi ihu na ce ƙarya yake, na ce ya zauna ya yi da hannunsa. Ya ce shi ba ya taɓa injin nan. Mai unguwa ya ce babu shaidar da za a kama mutum da ita, kowa ya yi haƙuri, a bar wa Allah. Bai hukunta ni ba, bai kuma wanke ni ba. Ya tashi daga kujerar yana kakkaɓe riga kamar wani abu ya manne mishi.

Shekarar da ta biyo ita ce mummunar shekarata. Ba wanda ya zage ni a fuska. Mata ne sunka fara ɗaukewa. Labule ya rataye ba mai shiga, sai anka fara cewa dama don mi ya sa labule. Maza na kawo takarda, amma hoto a'a, hoto sai ƙetare. Gwaggo Rakiya ta aiko a karɓar mata katinta, ta ce a gaishe ni. Malaman lakwal da ma'aikatan meri, ofishin magajin gari, sun san zancen banza ne, wasunsu sun faɗa mini haka a ɓoye, amma matansu ba sa so a gan su a ƙofata, su ma sunka ƙetara. Tawada ta bushe a cikin na'ura don rashin aiki. Wanda bai yi sana'ar ba bai san na'urar buga takarda ta fi lalacewa a zaune ba. Yarana anka fara kiransu 'ya'yan mai hatimi a lakwal. Da damina ta faɗi mai ɗaki ya ce ɗan'uwansa na son wurin. Ɗakin ya yi wata da watanni a rufe bayan na fita, babu wani ɗan'uwa.

Na sayar da na'ura da fitila da babbar ordinatar, na sayi 'yar ƙarama ta ɗauka a hannu, na dawo Buza, garin uwata. Teburin nan da kuke gani, da ordinatar ta ɗauka, da faranti mai ɗibar rana bisa rumfa, su ne abin da ya rage. Ina zuba waƙa da wa'azi a kati, ina cika salula, ina rubuta takarda in ta samu, a kai wani wuri a buga. Har yau daga farin allo nake aiki, don ban san wata hanya da ta fi ta sauri ba. Kuna tambayata don mi ekaran ɗina ke fuskantar bango, kuna cewa rowar kallo nake yi. Ba na juyo shi sai abu ya buɗe a inda ya kamata ya buɗe. Kafin in danna komai ina diba wutsiya. Na sa inji ya daina ɓoye ta. Kuma in mutum ya tambaye ni mi ke nan, ba na ba shi amsa sai aiki ya ƙare. Gyaran fishiye kowa na iya koya cikin yini. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin wa ke tsaye bayanka, da abin da zai kai gida cikin kansa.

Bara, ranar kasuwa, wani ya tsaya gaban teburina riƙe da igiyar rago. Na ɗago, Hammadu ne, gemu ya yi fari. Ya daɗe tsaye kafin ya tsuguna.

"Kaɗo."

"Mai nono."

Ya aje cuku ƙunshe a ganye bisa teburin. Ya ce ranar da sunka koma ruga sun iske mutum biyu sun ƙara kwantawa da irin ciwon, yaro da tsohuwa, waɗanda ba a taɓa ɗaukar hotonsu ba tun da anka haife su. Ƙanin matar ya zo ya ɗora ta bisa amalanke, ya kai ta bakin hanya, daga nan asibitin mishan. Anka ce sanƙarau ne. Anka ce da an kawo ta da wuri.

"Ta tashi?"

"Ta tashi. Tana tatsa, tana daka. Amma kunne ya toshe, duka biyu. Ko aradu ba ta ji." Ya ja igiyar ragon. "Kwanakin da na yi ina bin ka a Madawa, da likita na bi. Ashe cuta ce, Kaɗo."

Na ce ya je Madawa ya faɗa. Ya ce shi ya faɗa wa Allah, kuma wa zai saurari Bafillace a kan inji? Gaskiyarsa. Wanda ya san inji ne ya ɗaure ni, shi kaɗai zai iya kwance ni. Na karɓi cukun. Ba ni da wata magana da Hammadu, abin da ya gani ya faɗa.

Watan jiya sai ga mota ta tsaya can gindin bishiyar bedi. Shaibu ya fito cikin farar shadda, ya yi ƙiba, shagonsa yanzu ɗaki uku ne an ce. Wasunku na nan, kun tashi kun ba shi benci. Za shi aikin hajji, yana zagayen biɗar gafara kamar yadda ake yi. Ya gaida ni, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Na amsa. Ya dubi teburin, ya ga farin allo a buɗe.

"Har yanzu allon Baba? Allah ya jiƙan maza."

Ya gyara hula.

"Ɗan'uwa, ka san tahiya ta taso. Zama tare ba ya rasa saɓani. In akwai abin da na yi maka, da sani ko ba da sani ba, ka yahe min. Ni ma na yahe maka."

"Mi na yi maka?"

"A'a, ai maganar haka ake yin ta."

"To mi ka yi min?"

Ya yi 'yar dariya, ya dubi ku da ke tsaye. "Lawali ke nan. Har yanzu zahin kan na nan. Abin da ya wuce ai ya wuce. Mutane ne da jahilci, ni mi zan yi da su? Ko na hwaɗa ba su yarda."

Na rufe ordinatar. Na ce mishi:

"Shaibu, wadda ka kawo gafarar kowa da kowa ce, irin wadda ake ba mai shayi da maƙwabci. Tawa da suna gare ta. Ka ga hoto ba wutsiya, ka san mi ne ne, ka ce an taɓa shi. Mai unguwa ya tambaye ka, ka ce ba ka taɓa gani ba. Kahin jirginka ya tashi, ka koma Madawa ranar kasuwa, ka kira mai unguwa shagonka, ka buɗe ƙohwa kowa ya gani. Ka ɗauki hotonka, wanga mai hwarar shadda, ka maida shi rubutu da hannunka, ka maido shi. Ka ce musu tun muna yara ka iya, kuma ka sani ranar nan. Daga nan ka hau motar Urno, ka tambayi rugar Ardo Bello. Akwai mace can tana daka. Mijinta ya bar ta kwance ya zo tambayarka, da ka ce mishi cuta ce da ranar ta kwana asibiti. Ka tsuguna gabanta ka hwaɗa mata abin da ka yi. Ba za ta ji ka ba. Ka hwaɗa dai. In ka gama, ka san inda teburina yake."